Tambayi Tsohon Ma'aikacin Teku: Barci, Igiya da Nisan Asibiti

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: masu son shiga aikin teku, da iyayen waɗanda suka riga suka shiga. Ga wanda yau ya fara cin karo da filin nan, ni haifaffen zangon Sekondi ne a ƙasar Gana, kuma ƙarfina ya ƙare a jiragen kamun tuna masu tashi daga tashar Tema, tun ina mai wanke daɓen jirgi har aka ba ni kula da sababbin shiga. Ni ba likita ba ne, ba kuma malami ba. Abin da ido ya gani, da abin da aka koya mana a kwas, shi zan faɗa.

Baba, barka da war haka. Shekarata 23, ina zaune a Ashaiman, na gama sakandare babu aiki. Wani mutum ya ce zai sama mini gurbi a jirgin kamun kifi in na ba shi kuɗi, kuma ba sai da takardu ba, domin kyaftin abokinsa ne. Abokaina na cewa teku akwai kuɗi. In biya?
*Wani matashi daga Ashaiman*

Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu. Wanda ya ce maka ba sai da takardu ba, ya gaya maka ke nan sunanka ba zai shiga jerin ma'aikatan jirgin ba. Wanda babu sunansa a jeri kuwa, in ya karye babu mai biyan magani, in ya faɗa ruwa babu wanda za a tsare da tambaya. Ko a ƙa'ida ma, yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan aikin kamun kifi, mai lamba 188, wadda aka amince da ita a 2007 ta fara aiki a 2017, ta hana a karɓi kuɗin neman aiki daga hannun ma'aikaci. Ba kowace ƙasa ce ta sa mata hannu ba, ba kuma kowane jirgi ke bin ta ba, amma ka san inda gaskiya take kafin wani ya murɗe maka ita.

In da gaske kake, kuɗin nan ka kai shi inda zai yi maka amfani. Ka je ka yi kwas ɗin farko na kare kai a teku. Jami'ar koyon aikin ruwa da ke Nungua ba ta da nisa da kai. 'Yan'uwanmu na Najeriya suna da makarantar Oron a jihar Akwa Ibom, da kwalejin kamun kifi ta tarayya da ke Legas. A can za a jefa ka cikin ruwa da rigar ceto, a koya maka juya kwalekwalen roba in ya kife, a ba ka tulun kashe gobara ka kashe wuta ta gaske. Sai gwajin likita, sai littafin ma'aikacin jirgi daga hukumar kula da sufurin ruwa. Na ƙarshe, wanda matasa suka fi rainawa, shi ne kwantiragi a rubuce: nawa ne albashi, nawa ne ladan kowane tan na kifi, wa zai karɓa a gida, wa zai biya kuɗin komawarka in aka sauke ka a Abijan ko Dakar. Ka karanta, ka ajiye kwafi ɗaya a hannun mahaifiyarka.

Yanzu bari in gaya maka abin da abokanka ba su sani ba. A jirgin fatsa irin namu, kafin a nufi tsakiyar teku sai an kwana ana kamun ƙananan kifi a kusa da gaɓa, a zuba su da rai a tankunan ruwa. Su ne abin yaudara. In mai duba ya hango tsuntsaye suna shawagi wuri ɗaya, an samu garke ke nan. Sai a buɗe famfunan fesa ruwa a gefen jirgi, a dinga watsa ƙananan kifin, mu kuma mu jeru a baki kafaɗa da kafaɗa, kowa da gorarsa. Ƙugiyar ba ta da ƙayar baya, saboda haka kana fizgo kifi ta saman kanka zai saɓule da kansa ya faɗi bayanka, ka sake jefawa. Kifi mai kilo uku ko huɗu yana wucewa ta gefen kunnenka, ƙugiyar maƙwabcinka tana yawo a iska. Shi ya sa ba a tsayawa a layin nan babu hular kwano. In babban tuna mai rawayan fiffike ya shigo, mutum biyu ke haɗa gora a kan ƙugiya ɗaya, in ɗaya ya yi sanyin hannu sai kifin ya ja su duka. Akwai daɗi, ban ɓoye maka ba. Ban taɓa jin abin da ya kai ihun maza a lokacin da kifi ke ci ba.

Amma mutanen tudu suna zaton guguwa ce ke cin masunta. A abin da na gani, rashin barci ya fi guguwa ɓarna. In kifi na ci, babu mai cewa a kwanta. A gama kamu, a shiga loda kifi a ruwan gishirin sanyi, a wanke jini, a gyara kaya, kafin ka ajiye haƙarƙari an sake buga ƙararrawa. Na ga ƙato yana barci a tsaye da cokali a hannu. Yarjejeniyar da na ambata ta ce jirgin da zai wuce kwana uku a teku dole ma'aikaci ya samu hutun awa 10 a cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Ka tambayi tsofaffin ma'aikatan jirgin da za ka shiga, ba dillali ba, ko ana kusantar wannan lissafi.

Mai jin barci shi ke sa ƙafa cikin naɗin igiya. Shi ke jingina da injin ja. Akwai wani yaro, Bafante, mai hankali da ƙoƙari, yana gyara zaman waya a kan gangar injin da hannu, abin da aka hana. Zare ɗaya na wayar ya tsinke ya yi tsini, ya kama bakin safar hannunsa. Kafin mai riƙe da makunni ya tsayar, ganga ta yi rabin juyi. Yatsu biyu suka tafi. Abin da ban manta ba shi ne bai yi kuka ba, sai kallon safar yake yi yana cewa a ba shi ya ƙarasa aikin. Bosin, wato shugaban ma'aikatan daɓen jirgi, ya ɗaure hannun da bandeji ya ɗaga shi sama, muka juya kan jirgi, sai da muka kwana biyu kafin mu ga tudu. Shi sunansa na cikin jeri, an biya masa magani. Ka tuna da wannan in mutumin naka ya sake kira.

Don ka san girman abin: a 1999 Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙiyasta mutum 24,000 ke mutuwa a aikin su kowace shekara a duniya. Daga baya Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun kai 32,000. Wani bincike da aka fitar a 2022 ya ce sun haura 100,000, mafi yawansu masu ƙananan kwalekwale ne da babu mai rubuta mutuwarsu. Ban ce kada ka je ba. Da kuɗin teku na yi aure, da shi na gina ɗaki. Ka shiga ta ƙofa kawai.

Alhaji, ina gaisuwa. Ɗana ya samu aiki a jirgin kifi, zai riƙa yin wata guda ko fiye bai dawo ba. Hankalina bai kwanta ba. In ya kamu da ciwo a can wa zai duba shi? Me zan haɗa masa?
*Wata uwa daga Asawase, Kumasi*

Hajiya, Allah ya tsare shi, ya dawo miki da shi lafiya. Gaskiyar magana, babu likita a irin waɗannan jirage. Akwai akwatin magani a hannun kyaftin ko mataimakinsa, akwai wanda ya yi kwas ɗin taimakon gaggawa, akwai rediyo. Wata cibiya a birnin Rum na Italiya, tun 1935 take ba jiragen ruwa shawarar likita kyauta daga nesa, dare da rana. Amma shawara ce, ba hannu ba. Saboda haka yawancin abin da za ki yi masa, kafin jirgi ya tashi ne.

Ki fara da haƙori. Kada ki yi dariya. Haƙorin da ke ɗan motsi a gida shi ke kumbura fuska a mako na biyu, kuma babu kyaftin da zai juya jirgi cike da mai saboda haƙori. A cire ko a cike tun yanzu. A yi masa allurar tetanus, domin ƙugiya da waya mai tsatsa ba sa rabuwa da hannu. In yana da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko farfaɗiya, kada ya ɓoye wa likitan gwaji don tsoron rasa aiki. Na san matasa na yin haka. Wanda ke shan magani kullum ya tafi da abin da zai wuce kwanakin tafiya, don jirgi ba ya dawowa ranar da aka ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zazzaɓin cizon sauro. A tsakiyar teku babu sauro, shi ya sa mutane ke sakin jiki. Amma sauron da ya cije shi a daren ƙarshe a gida, sai bayan mako ɗaya ko biyu ciwon zai tashi, daidai lokacin da jirgi ya fi nisa da asibiti. Mun taɓa samun mai dafa mana abinci, dattijo mai raha, ya fara ciwon kai da rawar sanyi. Aka ce gajiya ce, ya sha farasitamol ya koma murhu. Kwana uku ya fara maganar da ba a ganewa, yana kiran 'ya'yansa da sunayenmu. Allah ya sa injiniyanmu na biyu yana da maganin zazzaɓi na kansa a jaka. Ki saya masa cikakken zubi ɗaya ko biyu na maganin haɗi na zamani, irin su Coartem, daga kantin magani mai rajista, da abin gwajin jini na yatsa, mai kantin ya nuna masa yadda ake yi. Ana shan maganin da abinci mai ɗan maiƙo, kuma a shanye duka ko da an ji sauƙi. A makon ƙarshe kafin tafiya ya kwana cikin gidan sauro.

Sauran kaya ƙanana ne: safar hannu ta kirki fiye da ɗaya, takalmin roba mai ƙarfe a baki wanda ya yi masa daidai, man shafawa mai kauri. Bakin hannun rigar leda yana goge wuyan hannu, gishiri ya shiga, maruru su fito a jere. Wanke wurin da ruwan daɗi da sabulu bayan aiki yana hana su. Ki sa masa rigar sanyi. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yana tasowa a gaɓar Gana, teku ta yi fushi, dare ya yi ɗari kamar hunturun arewa. In kifi mai ƙaya mai dafi ya soke shi, ya tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta iya jurewa, na rabin awa ko fiye, zafi na karya dafin.

Sai gargaɗi ɗaya da nake so ki faɗa masa da bakinki, don maganar uwa ta fi ta bosin zama. In ya ga mutum ya faɗi a cikin rumbun kifi na ƙasan jirgi, kada ya bi shi. Kifin da ya ruɓe a rufaffen wuri yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai nauyi, tana kwanciya a ƙasa. In ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi. Na farko ya faɗi, na biyu ya sauka ceto ya faɗi a kansa, haka ake asarar mutum uku a rami ɗaya. Ya yi ihu, a kawo tulun numfashi da igiya. Haka in ya ji wari mai yaji yana hawa ido daga ɗakin injin sanyi, amoniya ce, iskar da injin ke sanyaya kifi da ita, ta tsiyaye: ya nisanci wurin ya nufi ɓangaren da iskar waje ke kaɗowa, wanda ta taɓa wa ido a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15.

Kawu, ni ban taɓa ganin teku ba, ko mota na shiga sai na yi amai, kuma ban iya iyo ba. Irina zai iya wannan aiki?
*Wani ɗalibi daga Kano*

Jirin teku ba ragwanci ba ne. Kunnen ciki na gaya wa ƙwaƙwalwa ana motsi, ido na kallon bangon ɗaki yana cewa ana tsaye, sai ciki ya rikice. Na ga tsofaffin hannu suna amai a daren farko bayan dogon hutu. Yawancin mutane jikinsu na sabawa cikin kwana biyu ko uku. Ka fito sarari ka kalli inda sama ta haɗu da ruwa, ka zauna tsakiyar jirgi inda lilo ya fi sauƙi, ka guji warin gas da ɗakin inji. Ka ci abu busasshe kaɗan-kaɗan, ka yi ta kurɓar ruwa ko da yana dawowa. Citta na taimakon wasu. Ƙwayoyi irin su Stugeron suna aiki in an sha kafin a tashi, sai dai suna kawo gyangyaɗi, kuma ka ji abin da na ce game da barci kusa da inji. Akwai 'yan kaɗan da ba sa taɓa sabawa. In kana cikinsu, akwai aiki a tasha: sauke kaya, ɗakin sanyi, masana'antar gwangwani.

Iyo kuwa, ka koya, amma kada ka dogara da shi. Jirgin da ke gudun kilomita 18 a awa yana yin nisan mita 300 a minti ɗaya. Kan mutum a cikin igiyar ruwa bai fi ƙwallon kwakwa ba, da dare ma babu shi. Shi ya sa in wani ya faɗa, doka ita ce a yi ihu, a jefa zoben ceto nan take, mutum ɗaya kuma ya miƙa yatsa yana nuna shi, kada ya ɗauke ido ko da kyaftin ne ke kiransa. Kuma da yawa daga waɗanda suka ɓace, ba a cikin hadari suka faɗa ba. Dare ne lafiya lau, mutum ya fita shi kaɗai ya tsaya a baki zai yi fitsari, jirgi ya ɗan karkata. Sai da safe a ga gadonsa babu kowa. Akwai banɗaki, a yi amfani da shi.

Malam, yaya kuke yi da alwala da alƙibla a jirgi? Azumi fa?
*Wani mai karatu daga Damagaram*

Alwala da sauƙi. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira, inda wani mutum ya ce wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishi zai kama su. Aka amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Mun yi ta alwala da shi daga famfon wanke daɓe. Sha ne dai ba a yi: kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, ƙoda sai ta zubar da ruwan jiki fiye da wanda aka sha kafin ta fitar da shi.

Alƙibla daga gaɓar Gana gabas ce mai karkata arewa, wajen digiri 64 a kamfas. Nakan leƙa ɗakin tuƙi in tambayi inda jirgi ya sa gaba, in lissafa. Ma'aikatan da ba Musulmi ba sun saba, har wani kan ƙwanƙwasa mini in jirgi ya juya. In teku ta yi tsanani tsayuwa ta gagara, mun yi salla a zaune. Batun ƙasaru da ajiye azumi ga wanda tafiya ita ce sana'arsa, malamai sun yi bayani mai tsawo, ka zauna da malaminku kafin tafiya ka gaya masa yanayin aikin dalla-dalla. Abin da zan ƙara daga gefena shi ne, mai azumin da ya ga fitsarinsa ya yi ja, kansa na juyawa, kada ya tsaya kusa da injin ja ko bakin jirgi. Ya gaya wa bosin a canja masa wuri.

Baba, ina sayar da kifin kwali. Kwanaki wasu kwastomomina suka ci titus da suka saya a wurina, fuskarsu ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo. Suna cewa an sa wa kifin guba. Na rantse ban sa komai ba.
*Wata 'yar kasuwa daga Agege, Legas*

'Yata, na yarda ba ki sa komai ba, amma ki bincika firizarki. Kifaye masu jan nama, irin su tuna, titus, sadin da shawa, in suka zauna cikin ɗumi bayan an kama su, ƙwayoyin cuta na juya wani sinadari na naman ya zama histamin. Shi ne ke kawo jan fuska, ƙuraje, ciwon kai, bugun zuciya, wani lokaci gudawa, daga 'yan mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu bayan ci. Wasu kan ji ɗanɗanon yaji a harshe ko da ba a sa barkono ba. Muguntar abin ita ce kifin na iya zama babu wari, kuma in histamin ya riga ya taru, suya ba ta kashe shi, banda ba ta kashe shi, mayar da shi ƙanƙara ma ba ta kashe shi.

Wannan ne dalilin da ya sa a jirgi ba ma barin tuna ya sha rana a daɓe. Ana kamawa ana tura shi ruwan gishirin sanyi, kuma masana'antun gwangwani a Tema suna gwada histamin kafin su karɓi kaya. Mu kanmu ya taɓa kama mu, ranar da aka ware wa kicin kifi aka manta da shi ƙarƙashin tamfol tun hantsi. Da daddare rabin jirgi na sosa jiki.

Kwalin da ya narke saboda ɗauke wuta aka sake daskarar da shi, shi ne abin zargi na farko. Ki duba: in ƙanƙara ta dunƙule a gindin leda da jini a ciki, kwalin ya taɓa narkewa, ko a wurinki ko a wurin dila. Kada ki baza kifi da yawa a tire cikin rana, ki fito da shi kaɗan-kaɗan a kan ƙanƙara. Wanda abin ya kama, maganin ƙaiƙayi irin Piriton kan kwantar da shi, yawanci kafin kwana ɗaya ya wuce. Mai asma, ko wanda numfashinsa ya fara sarƙewa, asibiti kai tsaye.

Alhaji, gaskiya ne 'yan fashin teku na sace masu kamun kifi?
*Wani mai karatu daga Kwatano*

Gaskiya ne. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Gini ne. A watan Yunin shekarar, a ruwan da ke gaban garinku aka ɗauke 'yan Koriya biyar da ɗan Gana ɗaya daga jirgin tuna. Abin ya ragu sosai daga 2021. Manyan jami'ai suka fi nema don kuɗin fansa. Ƙaramin ma'aikaci ya bi abin da aka koya a atisaye, kada ya yi jarumta, kada ya yi gudu a gaban mai bindiga.

Baba, mu a kogi muke su, ba teku ba. An raba mana rigunan ceto amma mutane na cewa ɗan Sarkawa ba ya nutsewa, wasu ma kujera suka mayar da su. Me za ka ce?
*Wani masunci daga Yawuri*

Ɗan'uwa, ina girmama Sarkawa, kun gaji ruwa, mu haya muka shiga. Amma gwanin iyo da kansa a farke yake iyo. In kwalekwale ya daki kututture ka buga kai, ko koma ta naɗe maka ƙafa, ko mata da yara uku suka riƙe ka lokaci ɗaya, gado ba ya ɗaga ka sama. Ruwanku ma ba irin na kakanni ba ne: tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 tafki ya haɗiye gonaki da itatuwa, kututturansu na nan a ƙasa. Kun fi ni sanin hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warra a watan Mayun 2021, da na Patigi a Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki da dare. Lodi fiye da kima, tafiyar duhu, ga rashin sa rigar ceto.

Zama a kan rigar yana kashe ta. Soson da ke ciki ne ke ɗaga mutum, in ya lotse ya daina aiki. Haka barin ta a rana ko kusa da fetur. In ka sa, ka ɗaure duk maɗauran, ka ce wani ya kama kafaɗun ya ja sama. In ta haura kunnuwanka, ta yi yawa, a ruwa za ta saɓule ta bar ka. Mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu ta fi. Yaro ba ya sa ta babba. Ka sa taka ka shiga ruwa mara zurfi a gaban jama'a ranar kasuwa, su ga yadda take juya mutum fuska sama ba tare da ya motsa hannu ba. In Sarkin Ruwa ya yarda ya fara sa tasa, an gama rabin aikin, don haka ta wurinsa za ka fara, da ladabi, ba a bainar jama'a ba.

Mai tambaya daga Takoradi kan kuɗin diyyar rauni, da baiwar Allah daga Yamai da ke neman labarin mijinta a jirgin waje, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Ke ta Yamai, kafin nan ki nemo sunan jirgin da tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, da tashar da ya tashi.